Farar Rigar da Ta Ɓaci a Jajibirin Sallah: Nazarin Wata Asara a Rumfar Wanki da Guga a Gusau

Ranar Litinin, 8 ga Afrilu 2024, saura kwana biyu Ƙaramar Sallah, aka wayi gari wata farar babbar riga ta shadda ta ɓaci a hannun wani mai wanki da guga a Tudun Wada ta Gusau. Mai rigar ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, mai wankin kuwa dattijo ne da ya haura shekara hamsin, wanda na shekara goma sha ɗaya ina kai wa kayana. Ina cikin mutanen da aka kira zauren mai unguwa ranar sulhu, don haka abin da zan bayyana ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakin waɗanda abin ya shafa. Na ɓoye sunayensu domin an riga an sasanta, kowa yana nan yana harkarsa. Riga ɗaya ce ta lalace, amma da aka bi sawun yadda ta lalace sai tsarin sana'ar ya fito fili gaba ɗayansa, aka ga abin da take tsaye a kai da kuma wanda nauyinta yake wuyansa.

Rumfar da masu aikinta

Dattijon bai gaji wanki ba. Ma'aikacin masaƙa ne tun yana saurayi, a sashen da ake rina yadi, kuma da masaƙun Arewa suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000 yana cikin waɗanda aka sallama. Da ɗan abin da ya samu ya sayi dutsen guga biyu na gawayi da bahuna da tebur, ya kafa rumfar kwano a bakin wani kango da mai shi bai tashi gini ba, ya ja igiyoyin shanya daga katanga zuwa katanga. Ya kuwa dace da lokaci. Tun da Gusau ta zama babban birnin jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996 garin yake cika da ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kwangila, daga baya Jami'ar Tarayya ta zo a 2013 da malamanta da ɗalibanta. Suturar namiji a ƙasar nan kuma, daga kaftani har malum-malum, tana son sitaci da guga mai kari, wata ma sai ta je mabuga kafin mai ita ya yarda ya shiga taro da ita.

Su uku ne a rumfar. Maigida yana riƙe da karɓar kaya da guga da littafin lissafi. Ɗan ƙanensa, wanda ya shekara shida tare da shi, shi ne a kan wanki da sitaci. Na ukun wani saurayi ne ɗan kimanin shekara goma sha takwas, wanda ya shigo Gusau da mahaifiyarsa da ƙannensa daga wani ƙauye na yankin Ɗansadau bayan 'yan bindiga sun tashe su, kuma watansa uku kacal a wurin lokacin da abin ya faru. Aikinsa ɗauraya da shanya da hura gawayi, ana sallamarsa kowace yamma da abin da zai kai gida.

Wanda bai taɓa zama a irin wannan rumfa ba yakan ɗauka wanki ƙarfin damtse ne kawai, alhali aikin yana farawa tun kaya ba su taɓa ruwa ba. Sai an zazzage aljihu, an ƙirga kaya a gaban wanda ya kawo, an sa wa kowane gida lambarsa a cikin wuyan riga ko ƙugun wando, sannan a ware fari daban, mai launi daban, sabon da bai taɓa ganin ruwa ba shi ma daban, domin shi ne mai zuba. Masu datti a jiƙa su da garin sabulu, a bi wuya da hannu da hammata da sabulun sanda, a cuɗa, a matse, a ɗauraye aƙalla sau biyu. Fararen kaya su bi ta ruwan bula don haskensu ya fito. Sitacin rogo kuwa da ruwan sanyi ake fara dama shi, a kwara masa tafasasshe har ya yi kauri kamar koko, a tace, a sirka gwargwadon yadda mai kaya yake so, domin akwai mai son rigarsa ta tsaya ƙyam, akwai wanda sitaci mai yawa ke ci wa wuya. Shadda mai tsada tana da nata hukuncin. Auduga ce zalla da aka matse a masana'anta har ta yi sheƙi, kuma cuɗa mai ƙarfi ko dogon jiƙo yana kashe wannan sheƙin. Shi ya sa maigidan yake wanke ta da hannunsa, ita kaɗai a baho, ya shanya ta a juye cikin inuwa, in ta sha iska ya ninke a kai wa masu bugu su daddake ta a kan gungume har ƙyallinta ya dawo. In aka cire guga da bugu, kowane mataki a cikin waɗannan ruwa yake ci, kuma ruwa mai tsabta.

Ruwa, gawayi da littafin bashi

Rumfar ba ta da rijiya. Akwai famfo a bakin layin, amma zuwan ruwansa ba abin dogaro ba ne, ballantana da bazara, lokacin da Gulbin Sakkwato, wanda dam ɗin Gusau yake tare ruwansa, ya ja baya. Da 'yan ga-ruwa rumfar take rayuwa, masu turo kura cike da jarkoki masu cin lita 25 daga rijiyoyin burtsatse na 'yan kasuwa, su kuma masu burtsatsen, in babu wutar lantarki, da janareta suke jawo ruwan. Don haka da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ƙarin ya bi ta janareta ya shiga jarka, ya fito a bahon wanki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi ta watan Maris 2024 a sama da kashi 33 cikin 100, kuma garin sabulu da sitaci da bula duk suna cikin abin da ya tashi.

Gawayi ma haka, sai dai shi nasa da ƙarin tsoro. Dutsen guga yana son gawayin itace mai ƙarfi irin na ƙirya, wanda yake ci a hankali, ba ya tartsatsi, ba ya yawan toka. Na itace mai taushi yakan tofo ƙwayar wuta ta ramukan gefen dutsen ta huda riga nan take. Dazuzzukan da ake ƙono mai kyan su ne waɗanda shigarsu ta zama sayar da rai, saboda haka buhun da ya iso gari yana zuwa ne da kuɗin kasadar wanda ya shiga ya ɗauko.

Duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya maigidan ya ƙara kuɗin wanki, shi ma ɗan kaɗan, kuma ya sha ƙorafi a kai. Mafi yawan manyan gidajen da yake wa aiki sai ƙarshen wata suke biya, wasu sai an yi albashi, wasu sai an aika sau uku. Ɗan ga-ruwa kuwa ba ya ba da bashi, mai gawayi ma haka. Jarin rumfar kusan gaba ɗayansa yana kwance ne a aljihun mutanen da suka fi mai ita ƙarfi.

Daren 28 ga Ramadan

In goman ƙarshe na azumi ya shiga kaya sukan yi tsibi, ga zafin Afrilu, ga masu aikin da azumi a baki, sai su yi wanki daga bayan asuba zuwa hantsi, su koma guga bayan shan ruwa har tsakar dare. Ranar Lahadi, 28 ga Ramadan, direban Alhajin mai rigar ya kawo jaka. A ciki akwai farar babbar riga da 'yar ciki da wando na shadda 'yar Ostiriya, irin wadda ake kira gezna, mai aikin zare ruwan zinari a ƙirji, sau biyu kawai aka taɓa sa ta. Tare da ita akwai sababbin kayan yara na jan yadi da tela ya gama, ana son a fitar musu da alli da ƙurar shago a goge. A ranar kura ɗaya aka samu maimakon uku da aka saba, domin kowane gida a unguwar wanki yake yi, 'yan ga-ruwa kuma sun bi inda ake ba su kuɗi da tsoka. Da la'asar maigidan ya fita neman gawayi da kuma roƙon wani mai burtsatse ya sa a turo masa ruwa da asuba. Ya ajiye farar rigar a gefe da niyyar wanke ta da kansa, amma bai furta wa kowa ba, domin a ganinsa wannan abu ne da kowa a rumfar ya sani.

Saurayin bai sani ba. Abin da ya sani shi ne tun safe ake masa faɗa a kan ruwa, an ce kada ya zubar da ko kofi ɗaya muddin bai yi datti ba. Bayan shan ruwa, babu wuta, ya ɗauraye jajayen kayan yaran da hasken tocilar waya, ruwan ɗaurayar ƙarshe ya yi masa kama da garau a wannan hasken. Ya hango farar riga ita kaɗai ta rage daga jakar gidan, ya ga dama ce ta rage wa maigida aiki ya kuma nuna yana da amfani, sai ya barbaɗa garin sabulu a ruwan ya tsoma ta, suka wuce masallaci. Rigar ta kwana a jiƙe. Da gari ya waye ta fito da dabbare-dabbare ruwan hoda, musamman a inda ta naɗe.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma wanda ya fi sani ne ya yi shi. Ɗan ƙanen maigidan, don tsoron abin da zai biyo baya, ya ɗauko ruwan bilic ya zuba mata ba tare da ya sirka yadda ya kamata ba. Jan ya ragu, amma yadin ya yi rawaya-rawaya a wurare, zaren aikin ya koɗe, sheƙin shaddar ya mutu murus. Maigidan, wanda ya yi shekaru yana aikin rini, ya ce da an bar masa ita a jiƙe yadda take, da akwai ɗan fata a bi ta da ruwan sanyi da sabulu sau da yawa kafin launin ya zauna. Bayan bilic babu sauran dabara.

Abin da maigidan ya yi bayan nan shi ne, a ganina, ya cece shi. Bai aika yaro ba, bai jira direba ya zo ya gani ba, bai kuma ninke rigar ya cusa ta ƙasan sauran kaya ba. Ya goge kayan yaran, ya ɗauki jakar ya tafi gidan Alhajin da ƙafarsa, ya durƙusa ya ce: "Alhaji, amanarka ta ɓaci a hannuna, na taho in gaya maka da bakina." Ran Alhajin ya ɓaci ƙwarai, har ya ambaci 'yan sanda, domin rigar da ya shirya zuwa Idi da ita ke nan. Wani yayansa da ke wurin ya ce a bar maganar sai an sauko daga Sallah.

A zauren mai unguwa

Ranar Asabar bayan Sallah aka zauna. Akwai mai unguwa, da limamin masallacin layin, da wani tela, da wani mai sayar da shadda a kasuwa, da ni da wani maƙwabci. Alhajin ya nemi a biya shi kuɗin sabuwar shadda da ɗinki da aiki a farashin ranar. Buƙatarsa tana da madogara, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, duk yadin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, kuma abin da ya sayi rigar da shi bara ba zai saya masa irinta bana ba. Sai dai adadin da ya faɗa ya fi abin da rumfar take samu a watanni da dama.

Liman ne ya warware zaren, kuma da abin da duk wanda ya zauna makarantar zaure ya taɓa karantawa. Ya ce a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani an nassanta cewa masu sana'a suna lamunce abin da suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta, kuma malaman Malikiyya sun kafa wannan ne don maslahar jama'a, tunda mutane ba su da makawa sai sun miƙa dukiyarsu ga tela da marini da mai wanki, su juya baya su tafi. Saboda haka biya ya tabbata a kan maigidan, babu ja. Daga nan ya ƙara abubuwa uku daga Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa. Abin da ake biya shi ne ƙimar kayan a ranar da aka miƙa su ga mai sana'a, wato ƙimar rigar da aka riga aka sa, wadda ba daidai take da sabuwa dal ba. Yaron da ke aiki a ƙarƙashin mai sana'a amintaccen ubangidansa ne, mai kaya ba shi zai bi ba. In kuma ɓarnar ta yi yawa har ta kawar da amfanin da ake nufi da kayan, mai su yana da zaɓi, ko ya karɓi ƙima ya bar kayan, ko ya riƙe kayansa a biya shi abin da suka ragu. Tela da mai shadda suka jujjuya rigar, suka yi shawara a tsakaninsu, suka yanka mata ƙima. Alhajin ya zaɓi ƙimar ya bar rigar.

A nan ne mai unguwa ya ce a kawo littafin lissafi. Da aka buɗe shafin gidan Alhajin sai aka tarar da wankin wata huɗu ba a biya ba, jimillarsa ta kusa rabin ƙimar da aka yanka. Alhajin ya ce bai san da wannan ba, domin irin waɗannan ƙananan hidimomi ya bar wa yaran gida, kuma na gaskata shi, domin fuskarsa ta nuna kunya ta gaskiya. Liman ya karanto hadisin da ke cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba, da wanda Buhari da Muslim suka ruwaito cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Mai unguwa ya dube shi ya ce: "Alhaji, ashe kai ma da naka a wuyanka." Aka cire bashin daga ƙimar, Alhajin ya yafe wani abu don albarkacin watan da aka fito, ragowar aka raba ta biya-biya zuwa kaka. Maigidan ya kai rigar marina aka mayar da ita shuɗi mai duhu, ya sayar da ita da rahusa, ya zuba kuɗin a biyan farko.

Abu ɗaya aka yi jayayya a kai, shi ne saurayin. Alhajin ya so a sallame shi. Maigidan ya ƙi, cikin ladabi amma ba tare da lanƙwasa ba, ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ne ban gaya mishi ba. Uwa tai da ƙanne nai da abin da yake kai musu suke kwana." Ɗan ƙanensa ne ya sha faɗa mai zafi, a gaban kowa, a kan ɓoye ɓarna maimakon faɗinta.

Inda laifin yake

In aka tsaya a kan hannun da ya tsoma rigar, magana ta ƙare a kan saurayin. Amma mutanen uku kowannensu ya yi abin da ƙarancin ruwa ya tura shi ne. Babban kuskuren cikin gida na maigidan ne, tunda ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin ruwan da yake da shi, kuma shi da kansa bai musa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce me ya hana shi mayar da jakar. Na farko, makon Sallah shi ne lokacin da tsabar kuɗi ke shigowa rumfar har ta rufe ramukan watannin baya. Na biyu, wanda ya fi ɗaure ni, shi ne bashin kansa. Mai wanki ba ya iya ce wa gidan da yake bi wata huɗu su kai kayansu wani wuri, domin yana tsoron in sun tafi su tafi da abin da yake binsu. Bashin da ya hana shi sayen tankin tara ruwa shi ne kuma ya hana shi ƙin karɓar aiki a ranar da babu ruwan.

Sai kuma yadda ake yanka kuɗin wanki. A irin waɗannan rumfuna nau'in tufa ake kallo, babbar riga kuɗinta kaza, kaftani kaza, zanen gado kaza, kuma tazarar da ke tsakanin wankin rigar yadin talaka da na gezna ba ta taka kara ta karya ba. Lamunin da ke kan mai wanki kuwa darajar kayan yake bi. Duk ranar da naira ta faɗi, abin da zai biya in riga ta ɓaci yana ƙaruwa yana zaune a rumfarsa bai yi komai ba, ladansa kuma yana nan inda yake. Manyan shagunan wanki masu inji sukan buga sharaɗi a bayan rasit su iyakance abin da za su biya. Dattijon ba shi da rasit, kuma ko da yana da shi, mashahurin zance a mazhabar da liman ya yi hukunci da ita shi ne sharaɗin cire lamuni ba ya sauke shi daga kan mai sana'a. Hanyar da ta rage masa ita ce ya sa ladan ya bi darajar kayan, wannan kuma sai masu kaya sun yarda.

Ba zan rubuta wannan in tsame kaina ba. Da ake juya shafukan littafin nan a zaure na hango sunana, da wankin wata biyu a gabansa. Ina da kuɗin, mantawa kawai nake yi, kuma mantuwar tana zuwa ne domin na san ba zai taɓa tare ni a hanya ya tambaya ba. Mun haddace rabin hukuncin da yake kare rigunanmu, mun yi sakaci da rabin da yake kare gumin mai wanke su. Shekara goma sha ɗaya ina ganin tafin hannunsa yana tsagewa da hunturu saboda sabulu, cin ruwa yana damun yatsun ƙafar yaransa da damina, hayaƙin gawayi yana sa shi tari, ban taɓa haɗa waɗannan da jinkirin biyana ba sai a ranar.

Akwai kuma abin da ya wuce ƙarfin mai wanki da masu kaya baki ɗaya, wato mazauni. A birnin Mumbai na Indiya akwai wani fili da ake kira Dhobi Ghat a unguwar Mahalaxmi, wanda aka gina a 1890 zamanin mulkin Turawan Ingila, jerin kwamin siminti ne kowanne da dutsen bugun kayansa, kuma har yau masu wankin hannu suna yi wa otal-otal da asibitoci aiki a can. Wahalar aikin tana nan a can ma, amma birnin ya yarda cewa sana'ar tana buƙatar wuri na dindindin da ruwa, ya ware mata. Mu ma wannan tunani ba baƙo ba ne a garuruwanmu, tunda marina da maƙera da mahauta kowacce tana da matsuguni sananne, ga Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska masu tsawatarwa da shiga tsakani. Dattijon nan ba shi da sarkin sana'a ko ƙungiya da zai kai wa kuka, ba shi da asusun haɗin gwiwa da zai ɗauke masa irin wannan asara, kuma filin da yake shanya a kai na wani ne.

Bayan sulhu

Ya sauya abubuwan da suke hannunsa. Ya ware baho biyu ya shafa musu farin fenti a baki, babu abin da ke shigarsu sai fararen kaya da sabon ruwa. Ya hana jiƙa komai bayan magariba. Duk sabon yadi mai launi sai an jiƙa bakin ƙasansa an danna a farin tsumma an ga ko yana zuba kafin ya shiga ruwa, kuma saurayin ne aka ɗora wa wannan gwajin, ya kuwa riƙe shi da muhimmanci. Shadda mai tsada ya ƙara mata kuɗi, yana kuma buɗe ta a gaban wanda ya kawo su duba tare. Bashi ya mayar da shi ba ya wuce wata ɗaya, kuma a kan wannan gidaje biyu suka daina kawo masa kaya, ɗaya ma bai biya na baya ba. Da kwasar adashinsa ta zo ya sayi durom biyu na tara ruwa. Da Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni 2024 ya rufe karɓar kaya tun saura kwana uku, ya ce ba zai bari wankin hula ya sake kai shi dare ba, kuma cikin jakunkunan da ya mayar har da tawa.

Ya gama biyan Alhajin da kaka kamar yadda aka yi alkawari, gidan kuma ya ci gaba da kawo kaya, yanzu kuɗin yana zuwa tare da jakar. Har yau da kura yake sayen ruwa, gawayin ƙirya kuma sai ya yi sa'a yake samu. A watan da ya gama biyan ne mai kangon ya sauke bulo da yashi a tsakiyar filin shanyar, ya aiko cewa zai fara gini in hunturu ya wuce, don haka dattijon ya ɗebe igiya biyu daga cikin biyar, yana kuma bin layukan unguwar da yamma yana tambayar wanda yake da fili a kusa da burtsatse.